Ɗakwara, Itacen Da Ke Biyan Kuɗi Da Rani

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari, ko ya ratsa ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san jigawa ce, ruwan sama kuwa ba ya daɗewa. A irin wannan ƙasa ɗakwara ta fi jin daɗi. Ɗan gajeren itace ne mai ƙaya uku-uku, masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Wasu manoma kan sare ta don makamashi ko shinge, alhali kuwa ita ce ke ba da ƙaro mai lamba ɗaya. Na dushe shi ne mai lamba biyu.

Ba malamai masu haɗa tawada kaɗai ke bukatar ƙaro ba. A Turai da Amurka ana sa shi cikin lemon kwalba da alewa da magunguna. Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi, amma yaƙin da ya ɓarke can a 2023 ya dagula fataucinsa, masu saye suka ƙara waiwayo Nijeriya da Chadi.

Ɗakwara takan isa tsaga bayan shekara 4 ko 5. Lokacinsa kuwa bayan ɗaukewar ruwa ne, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ganye ya soma zuba. Sai a ɗaye ɓawon reshe siriri, kada ƙarfe ya shiga naman itacen. Bayan kamar mako 5 ƙaro ya daskare, a tsince da hannu, a shanya a inuwa, sa'an nan a riƙa komawa bayan mako biyu-biyu. Wanda ya bar yashi da ɓawo a ciki, ko ya gauraya shi da na dushe, shi ya karya wa kansa farashi.

Har wa yau saiwarta tana riƙe rairayi, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman Kurdufan a Sudan sukan bar gonar da ta gaji ga ɗakwara fiye da shekara 10 suna cin ƙaro, daga baya su mai da ita ta gero.

To, itacen da aka sare yau, girkin 'yan kwanaki ne. Wanda aka bari kuwa, kowane rani zai sa mai shi ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis da abin sayarwa, bai taɓa rumbunsa ba. Allah ya sa a gane.