Ko Kun Sani? Motsa Jiki da Zuciyar Mai Ciwon Daji

Magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon daji, irin su pembrolizumab da nivolumab, na iya sa garkuwar ta far wa tsokar zuciya har ta kumbura. Kusan mutum 1 cikin 100 abin ke samu, yawanci a watanni ukun farko, amma yana iya kisa.

Duk da haka, likitoci ba sa son majinyaci ya lafe a gado. Tafiya da sauri ta minti 30, sau uku a mako, tana rage kasala sosai.

Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a benen da ya saba hawa, ko ƙirjinsa ya ɗau ciwo, lallai ya garzaya asibiti a auna troponin, alamar raunin tsokar zuciya, a jininsa. In kumburin ya tabbata, motsa jiki mai ƙarfi sai bayan wata 3 zuwa 6.