Dashen Ciki: Aikin da ke Gudana a Ɗakin da Ma'aurata ba sa Shiga

Ma'auratan da suka je asibiti neman haihuwa ta hanyar dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, likita suke gani, shi suke yi wa godiya in an dace, shi kuma suke zargi in ba a dace ba. Amma a bayan ɗakin da ake ɗebo ƙwan mace akwai wani ɗaki da ba a barin kowa ya shiga sai ma'aikatansa. A nan ɗan tayi yake yin kwanakinsa uku zuwa biyar na farko a wajen jikin uwa, kuma abin da ya same shi a waɗannan kwanaki yana da babban rabo a ko cikin zai zauna ko ba zai zauna ba.

Tun farkon wannan ilimi haka lamarin yake. Da aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, sunan likita Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards ne ya zagaya duniya, har Edwards ya karɓi kyautar Nobel a 2010. Ta ukunsu, Jean Purdy, ita ce ke kula da ɗakin gwaje-gwajen, tana haɗa ruwan reno tana duban ɗan tayi a madubin ƙara girma, amma an daɗe ba a ambaton sunanta.

Ga yadda aikin yake a kusa. Likita yana zuƙo ruwa daga ma'ajiyar ƙwan mace da siririyar allura, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin. Shi kuma ya zuba a ɗan faranti, ya sa a madubi, ya lalubo ƙwan, wanda faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Sai a haɗa shi da maniyyin miji. Bayan awa 16 zuwa 18 a sake dubawa: idan an ga 'yan ƙawanya biyu a tsakiyar ƙwan, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, to haɗuwa ta yi kyau. A rana ta biyu ana sa ran ya rabu gida huɗu, a ta uku gida takwas, a ta biyar kuwa ya zama ɗan ƙullutu mai ƙwayoyin halitta wajen ɗari ko fiye, an riga an bambance waɗanda za su zama jariri da waɗanda za su zama mabiyiya.

Abu na farko da wannan ɗan mitsitsin abu ke buƙata shi ne ɗumi. Kamar kaza ce a kan ƙwai, in ta cika tashi ƙwan ya lalace. Akwatin da ake renonsa a ciki yana tsaye a kan ma'aunin zafi 37, daidai da jikin ɗan Adam, kuma har teburin da ake aiki a kai ana ɗumama shi. A cikin ƙwan akwai wasu zarurruka masu laushi da ke jan kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta, zuwa inda ya kamata lokacin rabuwa. Sanyi kaɗan yana wargaza su, kuma ba lallai su koma daidai ba in ɗumi ya dawo. Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ba ya barin faranti a waje, ba ya kuma yawan buɗe akwati ba gaira ba dalili.

Na biyu, iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, amma a cikin bututun da ɗan tayi ke bi zuwa mahaifa bai kai rabin haka ba. Oksijin mai yawa yana gajiyar da ƙwayoyin halittarsa, don haka ɗakunan da suka san aikinsu suna rage shi zuwa kashi biyar, kuma binciken da aka tattara ya nuna hakan yana ƙara yawan jariran da ake haifa. Ana kuma sa iskar kabon kashi biyar zuwa shida don kada ruwan renon ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa. Iskar ɗakin kanta ana tace ta. Ma'aikata ba sa shafa turare, ba a fenti ana cikin aiki, ba a wanke ƙasa da sinadari mai ƙarfin wari, domin tururin waɗannan abubuwa yana narkewa a ruwan da ɗan tayi ke kwance.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ɗakin da ba shi da batura masu karɓa nan take kafin janareto ya tashi yana wasa da kuɗin mutane da fatansu. Haka kuma hayaƙin janareton da aka girke kusa da inda ɗakin ke jan iska, da ƙurar hunturu, duk abubuwa ne da sai an yi musu tanadi.

Na uku, ruwan reno, wanda ya ƙunshi gishiri-gishiri da sukari da sauran abubuwan gina jiki. Kamfanoni ke haɗa shi, kuma ba duka suke ɗaya ba. A 2010 masu bincike a Maastricht ta ƙasar Holan sun gano cewa nauyin jarirai a ranar haihuwa ya bambanta gwargwadon irin ruwan da aka rene su a ciki suna 'yan kwana biyu zuwa uku. Ruwan yana da wa'adi, kuma dole ya kasance cikin sanyi tun daga masana'anta har ya iso.

Sai dabarun da aka ƙirƙiro daga baya. A 1992, a birnin Brussels na Beljiyam, Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka fito da hanyar ICSI, wato a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya a soka ta cikin ƙwai da allurar gilashi. Wannan ta buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ke da rauni ko ƙaranci. Amma wani babban gwaji da aka yi a Biyetnam, aka wallafa a mujallar Lancet a 2021, ya nuna idan maniyyin miji lafiya lau yake, ICSI ba ta ƙara yawan haihuwa a kan hanyar da aka saba.

Daskarar da ɗan tayi ma ta canja. An haifi jaririya daga ɗan tayin da aka daskarar a Melbourne ta Ostireliya a 1984, sai dai hanyar wancan lokaci a hankali take sanyayawa, ƙanƙara kan tsaga ƙwayoyin halitta, a yi asarar da yawa. Hanyar da ake bi yanzu, wadda Masashige Kuwayama na Japan ya taimaka wajen kyautatawa, tana tsoma ɗan tayi farat ɗaya cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifiri, ƙanƙara ba ta samun zarafin haɗuwa. A hannun gwani, fiye da tara cikin goma suna farfaɗowa lafiya.

Amfanin wannan babba ne, domin ya kawar da dalilin zuba 'yan tayi uku ko huɗu a mahaifa lokaci guda. Mutanenmu na son tagwaye, ga tsadar aikin, sai ma'aurata su roƙi a sa da yawa. Amma cikin tagwaye da 'yan uku ya fi kawo haihuwar bakwaini da hawan jini da jijjiga. A Birtaniya, da aka koma sa ɗaya a ajiye saura, haihuwar tagwaye ta dashen ciki ta sauko daga kusan ɗaya cikin huɗu a 2008 zuwa wajen biyar cikin ɗari a 2021, kuma yawan nasara bai ragu ba.

Akwai kuma ƙarin kaya masu tsada da ake tallata wa masu neman haihuwa. Akwatin reno mai kyamara, wanda ke ɗaukar hoton ɗan tayi bayan kowane 'yan mintuna, abin sha'awa ne, amma gwajin da aka yi a Birtaniya da Hong Kong, aka wallafa a 2024, bai ga ya ƙara haihuwa ba. Haka gwajin ƙidaya kuromosom kafin dasawa: wani bincike na ƙasar Sin a 2021 bai ga ya amfani matan da ke da ƙuruciya da 'yan tayi masu kyau ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani aikin ɗakin da ya fi ƙarfin kimiyya kaɗai shi ne tsare nasaba. Fatawar Azhar ta 1980 ta halatta dashen ciki da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aure na nan. Abin da ke tabbatar da wannan a aikace shi ne rubuta suna a kowane faranti da kwalba, da kuma ƙa'idar cewa mutum biyu su shaida kowane mataki, ko na'ura ta tantance.

Duk da haka, ɗaki komai kyansa ba ya mai da tsohon ƙwai sabo. Ingancin ƙwan mace yana raguwa sosai daga shekara 35, bayan 40 kuwa abin ya fi tsanani. Jinkirin da ake yi ana yawon neman magani, miji kuma yana ƙin zuwa gwaji alhali matsalar kan kasance daga gare shi, asara ce da ba na'urar da ke maidowa.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman sanin inda za ka kai dukiyarka da lafiyar iyalinka haƙƙinka ne. Kafin ku biya ko sisi, ku tambaya: wa ke kula da ɗakin, kuma ina ya koyi aikin? Me ke faruwa in an ɗauke wuta? Oksijin nawa ne a akwatin reno? Wa ke shaida sunaye? 'Yan tayi nawa za a sa, kuma me ya sa? Sannan ku nemi adadin jariran da aka haifa da rai ga mata masu shekarun uwargida, domin gwajin ciki ya nuna alama daban, rungumar jariri daban. Asibitin da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, ku nemi wani.