Shin Ko Kun San? Ma'aunin Hasken Taurari

Shin ko kun san cewa a wajen masana taurari ƙaramar lamba ita ce babba? Tun zamanin Girkawa aka kasa taurarin da ido ke gani gida shida: mafiya haske suna daraja ta 1, waɗanda da ƙyar ake hangowa kuma ta 6. A 1856 wani ɗan Ingila, Norman Pogson, ya ɗaure abin da lissafi, ya ce na daraja ta 1 ya ninka na ta 6 haske sau 100. Abin da ya zarce daraja ta 1 haske, lambarsa sai ta gangara zuwa sifili, har ƙasa da shi. Tauraruwar Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, tana kan -1.46, wata ɗan daren sha huɗu wajen -12.7, rana kuwa -26.7. Zara takan wuce -4. Af, ita Zarar da Gamzaki abu guda ne, duniya ce mai kewaya rana, ba tauraro ba.

Ko kun san wajen shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi, malamin ƙasar Farisa, ya bi jerin taurarin Girkawa da idonsa yana gyara darajojin da ya ga ba daidai ba? A 1437 kuma Sarki Ulugh Beg na Samarkand ya fitar da jerin taurari 1,018.

To ga misali da Bauchi. Garin yana kimanin digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, digiri 10 kacal yake ɗagowa daga ƙasa. Haskensa sai ya ratsa iskar da ta ninka ta saman kai fiye da sau biyar kafin ya iso ido. Ku ƙara da ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. Mutumin Yelwa ko Dutsen Tanshi zai iya nemansa a daren Janairu ya rasa, alhali tauraron bai ragu da komai ba. Wannan ita ce damuwar kowace cibiyar hangen sama a doron ƙasa: ina hasken tauraro na ainihi, ina kuma abin da iska ta cinye? Maganinta shi ne zaɓaɓɓun taurari da aka tabbatar haskensu ba ya canzawa, ana auna su dare da dare tare da sauran. Kamar mudu ne a kasuwar Muda Lawal, in ba a yarda da guda ba, awon kowa nasa ne. An daɗe ana ɗaukar tauraruwar Vega a matsayin sifili.

Iskar ba haske kaɗai take ci ba, har matsayi take karkatarwa. A bakin sama tana ɗaga abu da kusan rabin digiri, wato faɗin rana. Lokacin da kuke ganin gindin rana ya taɓa ƙasa da yamma, a lissafi ta riga ta faɗi.

Ko kun san duniyar ma ba a tsaye sak take ba? Tana layi a hankali, matsayin taurari na gocewa digiri 1 duk shekara 72. Shi ya sa ake mayar da awo zuwa ranar da aka amince, 1 ga Janairun 2000.

Turawa sun ga wahalar iska ta isa, a Disamban 2013 suka harba kumbon Gaia ya tafi nisan kilomita miliyan 1.5. A 2022 ya ba da jerin abubuwa biliyan 1.8, aka kashe kumbon a Maris 2025. Da yake taurari kansu tafiya suke, sai aka kafa awonsa a kan kwasa, wasu fitilun sama masu nisan da motsinsu ba ya ganuwa. A ganina wannan dabarar ta fi kumbon kansa burgewa.

Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, mai kyamarar megafiksel 3,200, ta nuna hotunanta na farko a Yunin 2025. Da jerin Gaia take daidaita matsayin taurarinta, kuma tana da ƙaramin madubi na daban mai faɗin mita 1.2, aikinsa auna iskar saman dutsen da cibiyar take kai.