Yadda A Ke Riƙe Kulob Na Jama'a: Labarin Wimbledon

A ƙasar Ingila da wuya ka sami gari, kome ƙanƙantarsa, wanda ba shi da kulob na ƙwallon ƙafa. Mai kallo dai abin da ya ke gani shi ne mutum 22 suna bin ƙwallo har minti 90. Amma kafin alƙalin wasa ya busa usur, akwai wanda ya biya kuɗin fili, da wanda ya cika takardu, da wanda zai zauna bayan an watse ya ƙirga abin da aka samu a ƙofa. Aikin waɗannan mutane shi za mu duba a nan. Domin maganar ta fito sosai, bari mu ɗauki kulob guda na kudu maso yammacin birnin Landan, wanda a ke kira AFC Wimbledon, gama 'yan kallo ne suka kafa shi da kansu, su ne kuma suka koyi lissafinsa da wahala.

Asali akwai tsohon kulob a unguwar Wimbledon. A 1988 ya ci Liverpool 1 da 0, ya ɗauki babban kofin Ingila. Amma bayan haɗarin da ya auku a filin Hillsborough a 1989, inda mutane da yawa suka mutu a cikin turmutsutsu, sai aka yi doka cewa manyan kulob su sa kujeru a filayensu duka. Filin Wimbledon, wanda a ke kira Plough Lane, tsoho ne, ƙarami kuma. A 1991 suka bar shi, suka koma haya a filin wani kulob. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kulob ɗin da ba shi da fili nasa, ba shi da abin da ya ɗaure shi a garinsu. Haka kuwa aka yi: ran 28 ga Mayu 2002 aka ba masu kulob ɗin izini su ɗauke shi su kai wani gari wai shi Milton Keynes, tafiyar kusan mil 60. 'Yan kallo suka yi kuka, suka yi ƙara, ba abin da ya hana, domin ba su da ko anini a cikin jarin.

Kwana biyu bayan haka waɗansu daga cikinsu suka taru, suka ce za su kafa sabo. Suka yi shela duk mai son wasa ya zo makiyayar unguwa a gwada shi, mutum fiye da 200 suka zo. Aka sa su a aji na 9, can ƙasa, inda a ke wasa da ƙananan garuruwa.

Abin da suka fara shiryawa, tun kafin 'yan wasa, shi ne maganar mallaka. Suna da ƙungiya mai suna Dons Trust, ita ce ta riƙe kulob ɗin. Kowa na iya shiga in ya biya kuɗin shekara, kowane mamba kuwa ƙuri'arsa ɗaya ce, ko attajiri ne ko ɗan makaranta. Mambobi su ke zaɓen kwamiti, kwamiti kuma shi ke lura da waɗanda ke tafiyar da aikin yau da kullum. Sa'an nan suka rubuta a cikin dokokinsu cewa manyan al'amura, kamar sayar da fili, ko canja suna, ko ƙaura, ba su yiwuwa sai mambobi sun yarda da rinjaye mai yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, daga ina kuɗi ke fitowa? Na farko kuɗin ƙofa. A shekararsu ta fari wajen mutum 3,000 su ke zuwa kallon kowane wasa na gida, alhali kuwa abokan karawarsu sau da yawa ba su samun ko 100. Amma kuɗin ƙofa yana da wani aibu wanda kowane ma'aji ya sani. Ana wasa daga Agusta zuwa farkon Mayu ne, sa'an nan a huta. Cikin watannin hutu ba mai biyan ko kwabo a ƙofa, ga shi kuwa lokacin ne a ke gyaran ciyawa, a ke ɗaukar sababbin 'yan wasa, haya da kuɗin lantarki kuma ba su san hutu ba. Maganin wannan shi ne tikitin shekara: mutum ya biya kuɗin wasannin gida duka tun kafin a fara. Kulob ya sami abin da zai ƙetare hutu da shi, ma'aji kuma ya san iyakar abin da zai iya alkawarta wa 'yan wasa. Na biyu shi ne talla. Wani kamfani mai yin wasannin kwamfuta, Sports Interactive, ya fara sa sunansa a rigunansu a 2002. Bayan waɗannan akwai cinikin abinci da abin sha, da riguna, da ɗan littafin da a ke bugawa ranar wasa.

Akwai kuma wata dukiya wadda ba ta shiga littafin ma'aji, watau aikin sa kai. Masu sayar da tikiti, da masu shara, da masu shafa fenti, yawancinsu ba a biyansu a shekarun farko. Har shi babban manajan kulob, Erik Samuelson, wanda ya riƙe aikin daga 2007 zuwa 2019, tsohon akanta ne na wani babban kamfani, albashinsa kuwa gini guda ne a shekara. (Gini tsohon kuɗin Ingila ne, fam guda da sule guda.) Wannan abin yabo ne, amma kada a ruɗe da shi. Ran da irin wannan mutum ya gaji ya sauka, dole a nemo wani a biya shi albashi sosai, sai kulob ya tarar ashe da can rabin nauyinsa a kan mutum ɗaya ya ke.

Aikin magatakarda shi ne wanda aka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi saurin jawo hasara. A kakar wasa ta 2006 zuwa 2007 Wimbledon suka ɗauki wani ɗan wasa, Jermaine Darlington. Kulob ɗin da ya bari shi ne Cardiff City. Cardiff kuwa, ko da ya ke da kulob na Ingila su ke wasa, a ƙasar Wales su ke, ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta Wales. Saboda haka bisa doka sai an karɓo masa takardar izini irin ta wanda ya fito daga wata ƙasa. Ba a karɓo ba, domin ba wanda ya lura. Aka yanke musu maki 18, watau ladan cin wasa 6, aka kuma fitar da su daga gasar kofi. Maganar har ta kai majalisar dokokin ƙasa. Da suka ɗaukaka ƙara aka mai da horon maki 3. Takarda guda ta kusa cinye wahalar shekara.

Amma babbar magana, wadda ta fi kowace tsawo, ita ce ta fili. Da farko haya suka shiga a Kingsmeadow, filin wani ƙaramin kulob mai suna Kingstonian. A 2003 suka sayar wa magoya bayansu hannun jari, suka ƙara da bashi, suka sayi izinin riƙon filin, sai mai gida ya koma ɗan haya. Daga nan suka yi ta hawa, aji 5 cikin shekara 9, har a 2011 suka shiga cikin kulob 92 na ƙwararru. Filin kuwa bai kai na mutum 5,000 ba, ba kuma a unguwarsu ya ke ba. Domin su sami kuɗin gina nasu, suka sayar da shi ga Chelsea. Kingstonian suka fita a 2017. An ba su kuɗi, amma suka shiga yawon haya a filayen waɗansu. A ganina nan ne labarin ba shi da daɗi, gama mutanen da suka san zafin rashin gida su ne suka zama sanadin rashin gidan maƙwabcinsu.

Sabon filin an gina shi ne a inda dā a ke tseren karnuka, a kan titin Plough Lane, kusa da tsohon. Kuɗinsa ya wuce fam miliyan 30. Ana cikin gini, a ƙarshen 2019, sai aka gaya wa mambobi cewa akwai giɓin fam miliyan 11. Aka kawo shawarar a shigo da attajirai su zuba kuɗi, su kuwa a sakar musu wani ɓangare na iko. Ga fili ana so, ga kuma abin da aka yi rantsuwa ba za a sake ba. Mambobi suka ƙi. Waɗansunsu suka fito da wata dabara, cewa 'yan kallo su ranta wa kulob kuɗi na shekara 5, ko 10, ko 20, kowa ya zaɓi ruwan da ya ke so a ba shi, daga babu har 4 cikin 100. Cikin 'yan watanni aka tara fiye da fam miliyan 5. Wani attajiri ya sayi kashi 10 cikin 100 na jarin, aka ciwo sauran bashi, iko dai ya zauna a hannun mambobi. Ran 3 ga Nuwamba 2020 suka yi wasansu na farko a can, suka tashi 2 da 2 da Doncaster, ba ɗan kallo ko ɗaya a cikin filin mai ɗaukar mutum fiye da 9,000, saboda annobar korona.

Rance ba kyauta ba ne, ko da a hannun masoyi aka karɓa. Duk fam ɗin da aka ware domin biyansa, an hana mai koyar da 'yan wasa shi ke nan, shi kuwa yana karawa da kulob waɗanda attajiri guda ke cike musu hasararsu kowace shekara. Mai fili kuma shi ke da gyaransa. A Satumba 2024 aka yi ruwa mai yawa, kogin Wandle da ke kusa ya yi ambaliya, wani gefen filin ya rufta. Wasan da za su yi da Newcastle a gida sai aka mai da shi can Newcastle. 'Yan kallo suka sake buɗe asusu, cikin 'yan kwanaki suka tara fiye da fam 100,000 na gyara, Newcastle ma ta ba da fam 15,000 a ciki.