Kalmomin Nisa da na Gwargwado a Cikin Ingilishi

A cikin Ingilishi akwai waɗansu 'yan ƙananan kalmomi waɗanda almajiri ya kan rena, don ya ga ba su da tsawo, ba su kuma da wuyar rubutu. Sai ya ba da ƙarfinsa wajen haddace manyan kalmomi masu gaɓa huɗu ko biyar, ya tsallake waɗannan. Alhali kuwa su ne mudun awon magana, su ke nuna ko abu yana kusa ko yana nesa, ko yana da yawa ko kaɗan ne. Wanda ya kuskure musu ya kan yi nufin yabo ya yi zagi, bai sani ba. Tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban yara mu koya musu harshen nan, wajibi ne mu fara sanin kalmomin nan da kanmu.

Mabuɗin al'amarin shi ne, Turawa sun ɗauki kalmomin tafiya suka mai da su na auna yawa da ƙarfi. Ita kanta kalmar da su ke kiran gwargwado da ita, watau "degree", daga Faransanci suka aro ta, asalin ma'anarta kuwa matakala, irin ta hawa bene. Wanda ya yi karatun Larabci ba zai yi mamakin wannan ba, gama "daraja" da mu ke faɗi kullum, asalinta a Larabci matakala ce. Saboda haka bari mu fara da hanya tukuna, sa'an nan mu hau tsani.

Nan da Can

Bahaushe yana da mataki huɗu na nuna wuri, muryarsa ce ke rarrabe su. Akwai "nan" mai faɗuwar murya, watau inda ni ke. Akwai "nan" mai tsayayyar murya, watau inda kai ka ke. Akwai "can" mai faɗuwar murya, wurin da mu ke hange mu biyu. Sa'an nan akwai "can" mai tsayayyar murya, wurin da ya yi nisa ƙwarai. Malaman nahawun Larabci da yawa sun kasa nasu uku, haza na kusa, zaka na tsaka-tsaki, zalika na nesa. Amma Ingilishin da a ke yi yau mataki biyu kaɗai gare shi, "here" da "there", "this" da "that". Dā suna da na uku, "yonder", wanda ya yi daidai da hangen nesa, amma ya tsufa, sai a tsofaffin littattafai da bakin mutanen waɗansu ƙauyuka. To, ka ga a nan harshenmu ya fi nasu yalwa. Abin da za a gaya wa yaro shi ne, duk wurin da ba inda mai magana ya ke ba, "there" ne, ko da kuwa taku uku ne tsakani.

Kusa da Nesa

"Near" da "close" duka kusa ne, sai dai "close" ta kan ɗauki "to" a bayanta. "Next to" ita ce dab da, watau babu kome a tsakani. Kalmomin nan suna da tarihi mai ban sha'awa. A tsohon Ingilishi kalmar kusa ita ce "nigh", "near" tana nufin wanda ya fi kusa, "next" kuwa wanda ya fi duka kusa. Da zamani ya yi nisa aka manta da wannan jeri, har aka ƙago "nearer" da "nearest". Yau "the nearest village" shi ne ƙauyen da ya fi kusa da kai ta kowace fuska, "the next village" kuwa shi ne wanda za ka fara tararwa a gabanka bisa hanyar da ka ke bi. Matafiyi mai jin ƙishirwa ya kamata ya san bambancinsu.

"Far" ita ce nesa, amma tana da wata ɗabi'a. Ta fi son tambaya da korewa: "How far is it?" ko kuwa "It is not far." In Bature zai tabbatar da nisa, ya kan ce "It is a long way." Wanda ya fi nisa ana ce da shi "farther" ko "further", duka biyu daidai ne ga nisan ƙasa. Amma in ƙari a ke nufi, kamar ƙarin bayani ko ƙarin karatu, sai "further" kaɗai.

In ana son ainihin awo, sai a koma ga mil. Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawa, "mille" watau dubu, don sojojin Rum suna ƙirga tafiya da taku dubu, kowane taku ɗaya ɗagawar ƙafa biyu ne. A shekarar 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, dokar Ingila ta tsai da mil a kan "furlong" 8. Shi "furlong" ma'anarsa tsawon kunyar noma, yadi 220 ne. Ta haka mil ya zama yadi 1,760, ko ƙafa 5,280. A shekarar 1959 ƙasashe masu jin Ingilishi suka daidaita yadinsu da mita, mil ya zama mita 1,609 da 'yan kai. Har yanzu da mil a ke rubuta nisa a hanyoyin Ingila da Amurka. Mu masu lissafi da kilomita, ya isa mu riƙe cewa mil 5 kusan kilomita 8 ne.

Yadda Hanya ta Zama Mudu

Yanzu ga inda aron ya fito fili. In Bahaushe zai ce wani doki ya fi wani ƙwarai, ya kan ce ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka nan Bature ya ke cewa "far better", ko "by far the best". Babu wata tafiya a ciki, amma dukansu biyu sun auna fifiko da nisa. In ya ce "I am far from satisfied", nufinsa tsakaninsa da gamsuwa akwai tafiya, watau bai gamsu ba ko kaɗan.

Daga "near" aka sami "nearly", 'yar'uwarta kuwa "almost". Ma'anarsu saura kaɗan. Abin lura a nan shi ne, wanda ya yi kusa bai iso ba. "He nearly died" bushara ce, mutumin yana da rai. "He nearly passed" kuwa labarin faɗuwa ne a jarrabawa. In aka sa "not" a gaba, nisan ya kan buɗe ƙwarai: "not nearly enough" ma'anarsa ko kusa bai isa ba.

Hawan Tsani

A ɗauki kalma guda, a ce "hot", a hau da ita mataki mataki. "Slightly hot" ɗan zafi ne ƙalilan. "Fairly hot" da ɗan dama. "Rather hot" ya ɗara wannan, har mai magana ya fara damuwa. "Very hot" zafi ƙwarai. "Extremely hot" zafi matuƙa.

"Fairly" ta fi zama da abin da a ke so, "rather" kuwa da abin da ba a so. Shi ya sa a kan ce "fairly good", amma "rather late". "Very" daga tsohon Faransanci ta shigo, bayan Normawa sun ci Ingila a shekarar 1066, asalin ma'anarta gaskiya. Ka ga ashe daidai ta ke da namu "da gaske". Ba ta zama kai tsaye da aikatau, ba ta kuma zama da kalmar fifiko. Ba a cewa "I very like it", sai "I like it very much". Ba a cewa "very better", sai "much better".

"Quite" fuska biyu gare ta. In ta zauna da kalmar da ba ta karɓar ƙari ko ragi, ma'anarta sarai: "quite right" daidai ne sarai, "quite empty" babu kome ciki. In kuwa ta zauna da kalma mai hawa da sauka, a bakin mutumin Ingila sai ta koma ba laifi. Malamin da ya rubuta "quite good" a littafin yaro ya bar masa wurin ƙara ƙoƙari. Mutumin Amurka kuwa sau da yawa in ya faɗi haka, ƙwarai ya ke nufi. Saboda haka a dubi mai magana kafin a yi murna.

Kalmar da ta fi ka da yaranmu ita ce "too". Suna tsammani ita ce matakin da ke bisa "very", sai su yi ta amfani da ita don ƙarfafa magana. Alhali "too" ta wuce iyaka ne, ta shiga ɓarna. "The tea is very hot", ana iya sha a hankali. "The tea is too hot", ba ya shawuwa. Mu ma muna da wannan, in mun ce gishiri ya yi yawa, ko riga ta yi mini kaɗan, ko wane ya faye surutu. Yaron da ya ce wa baƙo "You have stayed too long", yana nufin ya daɗe an ji daɗinsa, ya kore shi ke nan. Iyakar da "too" ta ƙetare ita ce "enough", watau abin da ya isa. Tana bin bayan sifa, kamar "old enough", tana kuma gabatar suna, kamar "enough water".

Ramuka Uku

Na farko shi ne "hard" da "hardly". An koya wa yara cewa ƙarin "ly" ba ya sāke asalin ma'ana, kamar "slow" da "slowly". A nan ƙa'idar ta karye. "Hardly" ita ce da ƙyar: "I can hardly walk", da ƙyar ni ke tafiya. A ce wani akawu zai rubuta wa leburan da ya yi shekara biyar yana zub da gumi takardar shaida. In ya rubuta "He works hard", ya ce mutumin yana aiki tuƙuru. In ya ƙara haruffa biyu don gyaran magana, ya rubuta "He hardly works", ya shaida cewa malalaci ne, kusan ba ya taɓa kome. Bawan Allah zai yi ta yawo da takardar da ke hana shi abinci, yana godiya. "Hardly ever" kuwa ita ce ba safai ba. Tun da ya ke korewa na cikinta, ba a ƙara mata "not".

Na biyu shi ne "few" da "a few". "A few children came" ma'anarsa waɗansu yara sun zo, an gode Allah. "Few children came" kuka ne, yaran ba su zo ba sai 'yan ƙalilan. Yawan yaran yana iya zama ɗaya, zuciyar mai magana ce ta bambanta.

Na uku shi ne "little" da "a little", ga abin da ba a ƙirgawa. In likita ya ce "There is a little hope", da sauran sa rai. In ya ce "There is little hope", sai dangi su yi haƙuri su koma ga addu'a. Harafi ɗaya tak ne tsakaninsu, mai fassara kuwa shi ke ɗauke da amanarsa.

Shawara ga Masu Koyarwa

Kada a ba yara kalmomin nan a jere da fassararsu a ce su haddace, gama kalma ɗaya ba ta da abokiya guda a Hausa. A fita da su fili, a ja layi a ƙasa, a kafa sanda a ƙarshensa, a ce sunan sandan "enough". Yaro ya tsaya kusa da mafari, "hardly" ke nan. Ya matsa har saura taku ɗaya, "nearly" ke nan. Ya taɓa sanda, ya isa. Ya wuce shi, "too" ke nan. Sa'an nan a koma aji, a zana tsani a allo, kowane yaro ya kawo jimla tasa ya aza bisa matakin da ya dace, 'yan'uwansa su yi hukunci. Abin da ƙafa ta taka ya fi zama a kai bisa abin da kunne ya ji.

Bayan wannan, duk sa'ad da mu ke karatu, in mun gamu da ɗaya daga cikinsu, mu dakata mu tambayi kanmu: an iso, ko saura kaɗan, ko an wuce? Allah Ya ba mu fahimta, Ya sa yaran da za a danƙa mana su amfana da mu, amin.