Yoyon Hayaƙi a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gano Shi, da Yadda Ake Gyara

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda suke fita rangadi cikin tsofaffin motoci, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Peugeot 504, wadda ta fito a 1968. Ba nufinmu hakimi ya zama makanike ba. Abin da muke so shi ne ya san abin da zai tambayi direbansa, ya kuma gane in an yi masa gyaran ganin ido.

Mutane da yawa in sun ji salansa ta fashe, abin da ke damunsu shi ne ƙara, watau kada a shiga gari mota tana ruri, a ji kunya. Ƙarar ita ce mafi sauƙi cikin al'amarin. A cikin hayaƙin fetur akwai wata iska mai dafi da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta sai ta kama jininsa, kamun da ya fi na iskar oksijin ƙarfi fiye da sau 200, jinin ya kasa kai wa jiki abin da yake rayuwa da shi. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da gyangyaɗi. To, duk waɗannan abubuwa ne da matafiyi yakan ɗora wa gajiya ko zafin rana, shi ya sa ba a farga da wuri. Tsohuwar mota mai kafireto kuwa ta fi sababbi fitar da wannan dafi nesa ba kusa ba, domin ba ta da matatar hayaƙi irin wadda aka fara sa wa motocin Amurka a 1975.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne hunturu, sa'ad da ake rufe tagogi ruf saboda sanyi da ƙura. Hayaƙin da ya yoyo a ƙarƙashin mota yakan bi ta hujin da tsatsa ta yi a daɓenta, ko ta gindin sandar giya, ya taru a ciki. Mota mai ƙofar baya ko mai rufin tamfol, in an bar bayan a buɗe ana tafiya, iska takan juyo da hayaƙin ciki. Wanda kuma yake da Volkswagen irin ta dā, mai inji a baya, ya sani iskar ɗumama ɗaki ta jikin bututun hayaƙi take biyowa, saboda haka in wurin ya huje sai ta shigo da dafin kai tsaye. Idan direba ya fara hamma ba dalili, ko waɗanda ke baya suka yi kukan ciwon kai gaba ɗaya, a tsaya nan take, a kashe inji, kowa ya fito. Wanda ya suma a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita hayaƙin mota ya shaƙa.

Hanyar hayaƙi daga inji take farawa. Akwai wani ƙarfen zubi mai rassa da makanikai ke kira manifol, wanda ke tara hayaƙin silinda duka. Tsakaninsa da kan inji akwai gasket. Daga nan sai bututu, sai tukunyar salansa, sai wutsiya. Kowace mahaɗa tana iya yoyo. Tukunyar kuwa sau da yawa daga ciki take ruɓewa, gama kowace lita ta fetur in ta ƙone tana haifar da ruwa kimanin lita guda, a matsayin tururi. In tafiya ta yi nisa, zafi yakan kore shi. Motar da ba ta wuce daga gida zuwa fada, ruwan yakan kwanta mata a tukunya, ya yi ta cin ƙarfe.

Bincike da sassafe ake yinsa, inji yana da sanyi, kuma a fili. Ko kusa kada a tā da mota cikin gareji a rufe. Direba ya tā da ita, wani ya saurara. In an ji wani “tik-tik-tik” a wajen inji, yana bin saurin injin, sa'an nan ya ragu bayan 'yan mintoci, to, lalle a zargi gasket ɗin manifol ko tsaga a jikinsa, domin ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa ya matse kafar. Don a san ainihin wurin, sai a sami guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a riƙa bin mahaɗai da ɗayan. Amma fa a tuɓe babbar riga tukuna, kada fanka ta kama hannunta.

Ido ma yana da nasa aiki. Duk inda hayaƙi ke fita yakan bar baƙin zane kamar kunkunniyar madafa. In an duba ba a gani ba, wani ya naɗe tsumma ya danne bakin wutsiya na ɗan lokaci kaɗan. Salansa mai lafiya za ta ture tsumman da ƙarfi, injin ya nemi mutuwa. Mai huji kuwa sai a ji huci ya ƙaru a inda hujin yake. Ana kuma iya yayyafa ruwan sabulu a mahaɗai tun ƙarfe bai yi zafi ba, inda ya yi kumfa nan ne. Wanda zai shiga ƙarƙashi ya hau da motar kan ramin gareji, ko a tokare ta da abin da ba ya gocewa. Jak shi kaɗai ba abin dogara ba ne.

Gyara ya danganta ga wurin. In noti ne ya kwance, a ɗaure. In gasket ne ya ƙone, sabo za a sa, ba a mayar da tsoho. A nan ne ake bukatar haƙuri, domin notunan manifol sun shekara suna shan wuta, tsatsa ta kama su. A jiƙa su da mai tun daren jiya, a bi su da sifana a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya karya ƙusa a cikin kan inji, aikin rabin yini ya zama na kwana biyu. In an cire manifol a kankare fuskarsa, a ɗora rular ƙarfe a gani ko ya lanƙwashe, gama in ya lanƙwashe sabon gasket ba zai daɗe ba sai an goge fuskar ta daidaita. Tsofaffin gasket da yawa akwai asbesto a cikinsu, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu, saboda haka a jiƙa kafin a kankare, kada a hura da baki. Wajen ɗaurewa a fara daga notunan tsakiya, a bi zuwa gefe, kaɗan kaɗan.

Manifol da ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba. Ƙarfen zubi sai an gasa shi kafin walda, an kuma bar shi ya huce sannu a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Sau da yawa sayen wani ya fi araha. Bututu mai ƙaramin huji, in sauran jikinsa da ƙwari, walda ta isa, amma a kwance shi daga mota tukuna, saboda tankin fetur yana kusa. Tukunyar da in an ƙwanƙwasa ta ana jin tsatsa tana zuba a ciki, ta gama aiki, a canza. Naɗa gwangwani da waya, wanda direbobi ke yi a hanya, ba mu hana ba in a daji aka tsaya, amma iyakarsa ya kai mota gari, tagogi a buɗe.

A duba robobin da salansa ke rataye a jikinsu, domin in sun tsinke nauyinta yakan koma kan mahaɗar gaba, gargadar hanya ta sake karya abin da aka gyara. Hujin daɓen mota shi ma a toshe. Bayan an yi tafiya ta kwana biyu ko uku, a bari inji ya huce, a sake bin notunan manifol da sifana, gama sabon gasket yakan ɗan kwanta. Malamin hakimi ya rubuta ranar gyara da abin da aka canza a littafin mota, tare da ranar da za a sake dubawa kafin hunturu ya shigo.