Ƙara Wa Rediyon Mota Murya: Daga Tsohon Filin Jirgin Doha

A birnin Doha na ƙasar Katar akwai wata unguwa da ake kira Al-Matar al-Ƙadim, watau Tsohon Filin Jirgi. Tana maƙwabtaka da filin jirgin saman da birnin ya yi amfani da shi kafin a koma filin Hamad a 2014. Unguwa ce ta 'yan kasuwa da baƙi ma'aikata, kuma cikin shagunan da suka jeru a bakin titunanta akwai na masu sayar da kayan ƙawata mota. Nan ne mai sabuwar mota ya kan tsaya ya ce a cire masa lasifikokin da kamfani ya sa, a ɗaura masa waɗanda suka fi su. Abin da ake yi a nan bai bambanta da abin da masu gyaran rediyo ke yi a Kano ko Maraɗi ba, sai dai zafin Doha ya kan tona asirin aikin ganganci da wuri.

To, me ya sa kayan kamfani ba su isa ba? Galibin rediyon da mota ke zuwa da shi ba ya ba kowace lasifika fiye da wat 15 zuwa 20 na ƙarfin gaske. Su kuma lasifikokin, a kan yi faifansu da takarda mai arha, da ɗan ƙaramin maganaɗisu, domin kamfani ya rage kuɗi da nauyi. Wannan ya wadatar wajen jin labarai. Amma da zarar mota ta hau babban titi, ƙarar taya da iska suka taso, direba ya murɗa rediyo, sai murya ta fara tsagewa.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000. Babu lasifika guda da za ta iya ɗaukar wannan duka da kyau. Saboda haka a kan raba aikin. Ƙaramar lasifika ta ɗauki siririn sauti irin na sarewa, matsakaiciya ta ɗauki muryar mawaƙi da zaƙin kalangu, sa'an nan babbar nan da ake kira sabwufa ta ɗauki kaurin sauti, irin rugugin tambari, wanda bai wuce girgiza 80 zuwa 100 a daƙiƙa ba. Ita sabwufa sai an yi mata akwati daidai da awonta, yawanci a but ɗin mota. Akwatin da kafinta ya ƙera da ka, ba tare da duba awon kamfani ba, ya kan mai da sabwufa mai tsada abin buga gwangwani.

Amfilifaya ita ce ke ba waɗannan duka ƙarfi, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye. A jikin kwali a kan rubuta wat 1,000 ko 2,000 da manyan haruffa, alhali wannan ƙarfin da na'urar ke kaiwa ne na ƙiftawar ido. Adadin da ya kamata a nema shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, watau ƙarfin da take iya riƙewa ba yankewa, kuma sau da yawa bai wuce rabin wancan ba. Har ila yau, ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kamar sau 10. Wanda ya san wannan ba zai zuba albashin wata guda a kan lambobin kwali ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce mai haɗari. Mota tana aiki da wutar bolt 12 zuwa 14 ne kawai, don haka amfilifaya mai wat 1,000 na gaske za ta ja fiye da amfiya 70. Wannan nauyi ne babba a kan injin da ke cajin batir, musamman a Doha inda na'urar sanyaya mota ba ta hutawa, inda kuma zafi ya taɓa kaiwa digiri 50.4 a watan Yuli na 2010. Siririyar waya a ƙarƙashin irin wannan nauyi ta kan yi zafi har robarta ta narke. Dole ne wayar ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ba, kuma a sa fis kusa da batir, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. In babu fis, ranar da wayar ta goge ta taɓa jikin mota, gobara ce. Amfilifayar ita ma tana son iska. Wadda aka binne ƙarƙashin kafet za ta riƙa ɗaukewa da tsakar rana. Mai sabuwar mota kuma ya kyautu ya karanta takardar garantinsa kafin a yanka waya ko ɗaya.

Kunne kuwa ba shi da fis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya jin sauti mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, wanda mota mai sabwufa ke kaiwa cikin sauƙi idan gilasai na rufe, abin da ya rage 'yan mintoci ne, ba su kai rabin awa a mako ba. Ga shi kuma direban ba zai ji jiniyar motar asibiti a bayansa ba.